Rigimar zamanin kulle ta biyo su har ɗaurin aure

Wasiƙar wannan makon daga Daura ta zo, daga hannun wani ma'aikacin jinya wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Na rage mata tsawo, amma ban taɓa ma'anarta ba.

"Mahaifinmu ya rasu a farkon azumin 2020, lokacin da Daura take kulle, bayan ya yi kwanaki yana fama da zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi. Ba a yi masa gwaji ba, amma ni na yi zargin korona ce. Na dage cewa mutum uku kaɗai za su yi masa wanka, da safar hannu da takunkumin fuska, na kuma taƙaita masu raka shi. Da aka dawo daga maƙabarta na sa yara suka naɗe tabarmin da Yayana ya sa aka shimfiɗa a ƙofar gida don zaman makoki. Da ya hana, na ce masa a gaban mutane jahilci ne yake damunsa, kuma in bai bari ba zan kira jami'an tsaro. Shi ɗan kasuwa ne, kayan gwari yake lodawa Kudu, kuma kullen ya karya masa jari. Har gobe cewa yake an tauye wa mutane 'yanci a banza, an hana su masallaci da kasuwa saboda cutar da ba ta kai zazzaɓin cizon sauro kisa ba. A 2021 kuma na kai mahaifiyarmu aka yi mata rigakafi ban gaya masa ba, ya ƙara hawa. Tun daga nan, daga gaisuwa babu abin da yake haɗa mu. Yanzu an sa ranar auren 'yata ta fari, kuma a gidanmu shi ne zai bayar da ita, amma ya aiko cewa ba zai zauna a wurin ba sai na tara dangi na ce na yi kuskure, na kuma yarda cewa duk abin da aka yi a wancan lokaci zalunci ne. Ni kuwa har yanzu ina ganin abin da na yi shi ne daidai. In yi ƙarya don a zauna lafiya, ko in nemi wani a cikin dangi ya bayar da auren?"

Ɗan'uwa, Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya kuma sanya albarka a auren da ke tafe. Hanyoyi biyun da ka kawo babu wadda zan ɗora ka a kai, domin ƙarya ba ta riƙe zumunci, neman wani waliyyi tun yanzu kuma zai mayar da tsamin da ke tsakaninku gaba, irin wadda 'ya'yanku za su gada ba tare da sun san mafarinta ba. Abin da na lura da shi a wasiƙarka shi ne, kai da Yaya kun cakuɗa maganganu biyu. Ta farko ita ce ko hana taro a wancan lokaci daidai ne, muhawarar da har ƙasashen da suka fi mu asibitoci da ƙididdiga ba su gama ta ba. Ta biyu ita ce abin da ƙane ya yi wa wansa a ƙofar gidan ubansu, a ranar da aka binne uban. A ta farko kana da hujja mai ƙarfi, a ta biyu kuwa ba ka da ko ɗaya, kuma ina kyautata zaton ta biyun ce take cin Yaya a rai, ko da yake ta farkon bakinsa yake ambata.

Bari in fara ba ka haƙƙinka. Duk wanda zai yi wa hukuncin da ka yanke adalci, sai ya koma ya tsaya a watan Afrilun 2020, ya ajiye abin da aka sani daga baya. A ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar cutar ta shigo Najeriya ta Legas, kuma ba a cika mako shida ba ta kashe wani likita a cikin garin Daura, wanda shi ne mutum na farko da aka tabbatar ta kama a Jihar Katsina, bayan 'yan kwanaki kuma gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe garin, ba shiga ba fita. Babu rigakafi a lokacin, domin kashin farko, allurar AstraZeneca kusan miliyan 4, sai a ranar 2 ga Maris 2021 ya sauka a Abuja. Wuraren gwaji 'yan ƙalilan ne a faɗin ƙasar. A cikin watan Afrilun 2020 ne kuma masu haƙar kabari a Kano suka fara kokawa da yawan gawarwakin dattawa, kuma daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi a kan mace-mace kusan 1,000 ya nuna cewa mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da alaƙa da korona.

A irin wannan yanayi, idan dattijo ya rasu da zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi, wajibi ne ga wanda ya san aikinsa ya ɗauka cutar ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Haɗarin ma ya fi yawa a jikin ku da kuka yi jinyarsa, kuka tallafe shi, kuka kwana ɗaki ɗaya da shi, fiye da a jikin mamacin, domin mai ɗauke da cutar yakan yaɗa ta tun kafin shi kansa ya ji alamar komai. Ka dubi yadda zaman makoki yake a wurinmu. Kwana uku ana musafaha da duk wanda ya zo, kafaɗa tana gugar kafaɗa a kan tabarma, buta ɗaya tana zagayawa, ga shi azumi ne, da an kira magariba za a sa hannu a kwano ɗaya, a sha kunu da ludayi ɗaya. Waɗanda suke fara zuwa, su kuma fi kowa daɗewa a zaune, su ne sa'o'in Baba, masu shekara saba'in da tamanin, masu hawan jini da ciwon suga, wato ainihin mutanen da cutar ta fi kayarwa. Da an yi zaman, sannan aka binne biyu ko uku daga cikinsu kafin Sallah, da yau wata wasiƙar daban kake rubuto mini, wadda ba ni da maganinta.

Addini ma bai bar ka kai kaɗai ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan aka ji labarin annoba a wata ƙasa kada a shige ta, idan kuma ta ɓarke ana ciki kada a fita don gudun ta, ga kuma ƙa'idar da malaman fiƙihu suka gina hukunce-hukunce masu yawa a kanta, cewa babu cuta babu cutarwa. A shekarar 2020 Saudiyya ta dakatar da Umara tun ƙarshen Fabrairu, ta taƙaita Hajji ga 'yan tsirarun mazauna ƙasar, har maniyyatanmu da suka biya kuɗin kujera suka haƙura. Ta fuskar doka kuwa, kundin tsarin mulkin 1999 wanda ya ba kowa 'yancin addini a sashe na 38, da na taro a sashe na 40, da na zirga-zirga a sashe na 41, shi ne dai a sashe na 45 ya yarda a taƙaita su saboda lafiyar jama'a. Saboda haka ba zan ce ka tashi a gaban dangi ka ce hana zaman makokin kuskure ne ba, tunda ba ka yarda da haka ba, ni ma ban yarda ba.

Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauki duk abin da Yaya yake faɗa a matsayin ƙorafin ɗan kasuwar da ya yi asara. A ganina an kwaikwayo dokar kulle ne daga ƙasashen da gwamnati take iya biyan mutum kuɗi ya zauna a gida, inda kuma akwai wuta da firjin da za a adana abincin mako biyu, aka kawo ta garin da mafi yawan magidanta sai sun fita ake ɗora tukunya. Kai ƙarshen wata albashinka yana shiga, katin aikinka kuma yana wuce da kai kowane shinge. Shi kuwa kwandunan tumatir da buhunan tattasai yake da su, waɗanda idan mota ta kwana biyu a tsaye cikin zafin Afrilu sai dai a zubar. A takarda an ce motocin abinci su wuce, amma duk direban da ya bi hanya a lokacin ya san abin da ake yi a shingayen. Kuma kullen ya tarar da kasuwancin yankinku yana ɗingishi, domin tun watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, har da ta Kongolam da ta Jibiya, ba a sake buɗe wasu daga cikinsu ba sai a Disambar 2020. Ban ga inda ka ambata a wasiƙarka cewa ka tambaye shi yadda ya ciyar da iyalinsa a wancan azumin ba.

Akwai kuma abubuwan da kowa ya gani da idonsa. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa a makonni biyun farko na kullen jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta bin dokar, adadin da a lokacin ya zarce na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe. A ranar 18 ga Afrilu, kwanaki kaɗan kafin rasuwar Baba, talakawa suka kalli jana'izar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, suka ga cincirindon jama'a a maƙabartar Gudu da ke Abuja, alhali an sanar cewa cutar ce ajalinsa. A watan Oktoba aka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama, aka tarar da kayan tallafin korona a jibge. A nan cikin jiha, tun ƙarshen Maris an ƙone ofishin 'yan sanda a Kusada a kan hana sallar Juma'a, wato zafin da ya shigo gidanku ya riga ya cika gari. Mutumin da ya ga an yi wa babba jana'iza da taro, ya dawo gida aka ce nasa uban ba za a shimfiɗa masa ko tabarma ba, idan ya ce an yi zalunci ba za a ce ya ƙirƙira ba ne.

Maganarsa ta zazzaɓin cizon sauro ma tana da tushe, ko da yake ba ta kai inda yake son kai ta ba. Waɗanda hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta lissafa cewa korona ta kashe a Najeriya gaba ɗaya ba su wuce mutum 3,200 ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa zazzaɓin cizon sauro yana kashe sama da mutum 180,000 a ƙasar nan duk shekara, yawancinsu ƙananan yara, ba a kuma taɓa rufe gari saboda shi ba. Amma lissafin korona na waɗanda aka yi wa gwaji ne kawai, mu kuwa mutum yakan rasu da hantsi a binne shi kafin azahar, babu takardar shaidar mutuwa. Baba da kansa ba ya cikin wannan lissafi, kuma daga kai har Yaya babu wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ya yi ajalinsa. Haka nan ɗari-ɗarin da yake yi da allura ba daga sama ya faɗo ba, domin Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda 11 suka mutu, kuma wannan tabon yana cikin abin da ya haddasa ƙin rigakafin shan inna a 2003.

Akwai wani labari da masu goyon bayan kulle suke yawan kawowa, amma sukan tsaya a rabinsa. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya isa Sarg, aka sanar da shi cewa annoba ta ɓarke a can. Bai yanke hukunci nan take ba, duk da cewa shi ne Halifa. Ya kira Muhajirai ya shawarce su suka rabu biyu, ya kira mutanen Madina su ma suka rabu biyu, sannan ya kira dattawan Ƙuraishawa suka haɗu a kan a koma. Da ya sanar da komawa, Abu Ubaida ɗan Jarrah ya ce masa, "Gudu za a yi daga ƙaddarar Allah?" Umar ya ce, "Ina ma wani ne ya faɗi haka ba kai ba, ya Abu Ubaida. I, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah." Sai daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya tabbatar da ra'ayin Umar. Abu Ubaida ya ci gaba da zama a Sham tare da rundunarsa, a cikin annobar kuma ya rasu, babu kuma wanda ya ruwaito cewa ɗayansu ya jahiltar da ɗaya ko ya yanke hulɗa da shi. Ka lura da cewa Umar mai mulki ne, mai gaskiya a mas'alar, amma sai da ya bi mutane rukuni-rukuni yana neman shawara, kuma ko a cikin martaninsa sai da ya fara da girmama wanda ya saɓa masa.

Kai ba Halifa ba ne a ranar, ba kuma kai ne babba a gidan ba. Ka yi ƙoƙari ka ga abin ta idon Yaya. Ya dawo daga maƙabarta da ƙurar kabarin ubansa a ƙafa, yana azumi, a ranar farko da ya zama uban gida, abokan Baba suna tsaye a bakin zaure suna jiran su yi masa gaisuwa, sai ga yaran gidan, waɗanda wataƙila har da 'ya'yan cikinsa, suna naɗe tabarmin da ya sa aka shimfiɗa, bisa umarnin ƙanensa. Ya buɗe baki aka kira shi jahili, aka kuma ce za a kira masa jami'an tsaro, a watan da ake jin labarin yadda suke dukan mutane a kan wannan doka. Babban wa magajin uba ne, kuma a wannan rana gari yake zuba ido ya ga ko gidan ya sami wanda zai riƙe shi. Duk wanda yake wurin ya tafi da labarin, kuma a gari kamar Daura irin wannan labari ba ya tsufa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, kana iya samun duk abin da kake nema ba tare da ko ɗaya daga cikin wannan ba. Da ka ja shi cikin zaure kun keɓe, ko ka bi ta hannun limamin unguwa ko mai unguwa ko wani baffanku, sannan sanarwar ta fito daga bakin Yaya cewa saboda halin da ake ciki an yafe wa kowa zama, a yi addu'a daga tsaye a wuce, da an watse kamar yadda kake so, shi kuma girmansa yana nan. Na san tsoro da baƙin ciki da gajiyar jinya ne suka yi magana da bakinka, wannan kuwa uzuri ne da ya kamata Yaya ya duba, amma uzurin bai goge abin da aka faɗa ba.

Game da 'yancin da yake yawan ambata, ga yadda nake kallonsa. Yana da iko da jikinsa, idan ya ƙi allura ba ka da hurumin tilasta masa, idan ya zaɓi ya fita neman abinci ya ɗauki kasadar, wannan tsakaninsa da hukuma ne. Ikon nasa bai kai ga tara tsofaffin unguwa a gidan da ake zargin cuta ba, domin a nan da lafiyar wasu yake kasada, waɗanda kunya ba za ta bar su su ƙi zuwa ba. Kai ma iliminka ya ba ka damar faɗakarwa da dagewa, bai ba ka damar wulaƙanta na gaba da kai ba. Akwai kuma mutum ɗaya da ku biyun kuke ta jayayya a kanta, amma ban ji muryarta ko sau ɗaya a wasiƙarka ba, ita ce Hajiya. Ka ce ka kai ta an yi mata rigakafi. Idan ka yi mata bayani ta amince, to jikinta ne, ba ta buƙatar izinin kowane ɗa, abin da ya rage a kanka kawai shi ne rashin sanar da Yaya, wanda ya ƙara tabbatar masa cewa ba ka ɗauke shi a bakin komai ba. Idan kuwa ɗaukar ta ka yi kawai don kai ne ma'aikacin asibiti, to ita ce ta farko da za ka nemi afuwarta.

Ta wurinta nake so ka fara. Ka gaya mata abin da kake shirin yi, ka nemi addu'arta, amma kada ka sa ta kira Yaya ta ba shi umarni, domin sulhun da aka yi don tsoron fushin uwa yakan wargaje ranar da babu ita. Bayan haka ka je gidansa da ƙafarka, kai kaɗai, ba ta waya ba, ba kuma ta saƙon WhatsApp ba, a lokacin da ka san babu baƙi, kamar bayan sallar isha'i. Ka zauna a ƙasa kamar yadda ƙane yake zama, ka ce, "Yaya, na zo ne a kan abin da ya faru ranar rasuwar Baba. Na ci maka mutunci a gaban mutane, na kira ka da sunan da bai dace ba, na yi maka barazana da hukuma a ƙofar gidanmu. Ban kyauta ba, don Allah ka yafe mini." Daga nan ka yi shiru. Kada ka biyo da "amma", kada ka kawo lissafin Kano ko hadisin annoba, kada kuma ka ambaci auren a wannan zama. Zai yi faɗa, wataƙila ya tono abubuwan da suka girmi korona, ka bar shi ya amayar da abin da ya daɗe yana cinsa.

Idan ya zo kan sharaɗinsa na biyu, akwai abin da za ka iya faɗa wanda babu ƙarya a ciki. Ka ce ka yarda an cuci talakawa a yadda aka gudanar da kullen, an rufe su babu abinci, manya sun karya dokar da suka kafa, shi kansa ya yi asarar da ba ka tsaya ka duba ba. Sannan ka ce abu ɗaya ne ba za ka iya faɗa ba, wato cewa cutar ƙarya ce ko taron ba shi da haɗari, domin aikinka ya nuna maka akasin haka, kuma ba ka son ka nemi yafiyarsa da maganar da ba ta kai zuciyarka ba. Ɗan kasuwa ya san bambancin wanda ya sallama da gaske da wanda yake neman a rabu lafiya, kuma ina zaton wanda ya riga ya ji kalmar "ban kyauta ba" daga bakinka ba zai tsaya ja a kan sauran ba.

Buƙatarsa ta a tara dangi kuwa, a nan yana da gaskiya fiye da yadda kake so ka yarda. A gaban mutane aka yi cin fuskar, don haka ba daidai ba ne gyaran ya ƙare a cikin ɗaki. Ba sai an yi gangami ba, ya isa a kira baffanninku da limamin unguwa da mutum biyu ko uku daga cikin waɗanda suke tsaye a ranar, ka maimaita abin da ka faɗa masa, ba ƙari ba ragi. Ina kuma ba ka shawara ku bi abokan Baba da suka rage, gida-gida, Yaya yana gaba kana biye, ku gaishe su, ku ba su haƙurin gaisuwar da ba su samu sun yi ba. Idan gidanku masu taron addu'a ne ku yi, idan kuma kuna cikin waɗanda ba su yarda da shi ba ku haɗa kuɗi ku yi wa Baba sadaka mai gudana, shi ya jagoranta. Maganar jarinsa kuma, idan kana da halin taimakawa, ka jinkirta ta har bayan biki, don kada ta yi kama da kuɗin sayen waliyyi.

Cikin wannan zaman, ko wani na gaba, ku tsayar da yadda za ku yi idan irin haka ta sake tasowa, domin za ta taso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan korona a watan Mayun 2023, amma amai da gudawa ya kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan a 2021, mashaƙo ya addabi Kano da Katsina da Yobe a 2023, sanƙarau kuma yana leƙowa duk bazara, ga Hajiya shekaru sun ja. Ku yarda cewa a kan abin da ya shafi lafiya kai za ka faɗi abin da ka sani, amma a keɓe, shi kuma shi zai sanar da dangi, abin da ya shafi jikin Hajiya kuwa ita za a fara tambaya.

Mai yiwuwa ka yi duk wannan ya ƙi. Idan haka ta faru, ka sani cewa a fiƙihun Malikiyya da muke bi uba shi ne waliyyin 'yarsa, baffa yana bayarwa ne a matsayin wakili bisa kyakkyawar al'adarmu ta kara, don haka auren ba ya rataye a wuyansa, kuma bai halatta a tsare yarinya da mijin da za ta aura a kan rigimar da ba su san hawa ba balle sauka. Sai ka wakilta wani dattijo a dangin Baba, da sanin Hajiya, amma duk da haka ka kai masa goro da alawa da hannunka, ka tura yarinyar ta je ta gaishe shi ta nemi albarkarsa, kada kuma ka bari matarka ko 'ya'yanka su ji kana aibata shi. Ka yi wannan tafiya tun kafin a buga katin gayyata, domin da zarar kati ya fita da sunan wani a gurbinsa, ko ya so saukowa daga baya idon jama'a ba zai bar shi ba.